Daga Mabera zuwa Bajiniya: yadda wata ɗaliba ta gwada zanen furosesarta a kan FPGA ta haya

Laftof ɗinta ta ajiye min a kan tebur, ta juyo da fuskar wajena. Baƙin allo ne, lambobi suna hawa a hankali kamar ɗigon famfo. Ta ce, "Malam, kwana uku tana aiki. Daren jiya aka ɗauke wuta, batir ya ƙare, komai ya koma farko." Wannan ya faru ne a ƙarshen 2023. Ɗaliba ce ta digiri na biyu da nake duba aikinta a nan Sakkwato, a Mabera take zaune da iyalinta. Na sakaya sunanta, don abin da nake son a gani shi ne hanyar da aikin ya bi, da inda muka yi tuntuɓe, ko zai rage wa wani wahala.

Aikinta ba rubuta manhaja ba ne, zana kayan cikin kwamfuta ne. Ta ɗauki furosesar (ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi) da ake kira Rocket, wadda aka gina a kan tsarin umarni na RISC-V. Tsarin ya fito daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, kuma kowa na iya aiki da shi ba tare da biyan kuɗin lasisi ba. Rocket kanta a buɗe take, an rubuta ta da harshen zanen na'ura mai suna Chisel, tana kuma zuwa cikin tarin kayan aikin da ake kira Chipyard. A jikinta akwai wata kafa, RoCC, inda mutum zai iya jona tasa 'yar na'urar taimako. Ɗalibar ta zana mataimaki guda wanda ba ya komai sai ninka ƙananan lambobi masu bit 8 ya tara su, irin lissafin da ke cinye mafi yawan lokacin na'ura idan tana ƙoƙarin gane hoto. Tambayarta ɗaya ce: idan aka jona wannan mataimaki, sau nawa aikin zai ƙara sauri?

Kafin a kai zane masana'anta a buga shi a siliki, dole a kwaikwayi aikinsa. Abin da take yi a laftof ke nan, da manhajar Verilator, wadda ke mayar da zanen shirin C++ ta riƙa lissafa halin kowace waya a kowane bugun agogo. Verilator kyauta ce, kuma tana nuna komai, ba siginar da za ta ɓuya maka. Matsalarta tafiyar hawainiya. Zane irin nata, a laftof irin tata, dubban bugu kawai yake yi a daƙiƙa. A ɗauka gwaji yana buƙatar bugu biliyan 10, wanda ba wani abu ba ne idan har za a tayar da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a yi aiki a kai. A bugu 5,000 cikin daƙiƙa, kwana 23 ke nan ba tsayawa, ba ɗauke wuta. Ita kuwa ko kwana uku wutar ba ta ba ta ba.

A nan FPGA ta shigo zancen. Cif ce wadda ba a ƙulle wayoyin cikinta ba. Kai za ka loda mata tsari ta rikiɗe ta zama na'urar da ka zana, gobe ka goge ka loda wani. Kullum idan ina wa ɗalibai bayani, da allon karatu nake misali: cif ɗin masana'anta bugaggen littafi ne, abin da aka buga ya zauna, FPGA kuwa allo ce, a rubuta a wanke a sake. Kamfanin Xilinx ne ya fitar da ta farko a 1985, AMD kuma ta saye shi a 2022. Da yake a kan FPGA dukkan sassan zanen suna motsi lokaci guda, bugun yana kai miliyoyi goma-goma a daƙiƙa. Wancan gwajin na kwana 23, a bugu miliyan 50, bai cika minti huɗu ba.

Sai dai allon FPGA mai girman da muke so dubban daloli ne, kafin a zo maganar kawo shi, da kwastan, da lasisin Vivado, manhajar da ke shirya zane ya hau FPGA, da kwamfuta mai ƙarfin da za ta riƙe ta, da wutar da ba ta yankewa. Ba mu da ko ɗaya. Abin da ya rage shi ne haya. A 2017 Amazon Web Services ta fara ba da hayar sabobi (manyan kwamfutocin da ake shiga ta intanet) da ta kira F1, waɗanda aka dasa wa FPGA ƙirar Virtex UltraScale+ VU9P. Ƙaramar cikinsu, f1.2xlarge, FPGA ɗaya gare ta, kuma a lokacin dala 1.65 ce awa guda a cibiyarsu ta Arewacin Bajiniya da ke Amurka. Babbar, f1.16xlarge, takwas gare ta. A kan waɗannan sabobi masu bincike na Berkeley suka gina FireSim, manhajar kwaikwayon zanen kwamfuta a kan FPGA, suka gabatar da ita a ISCA, taron masana zanen kwamfuta, a 2018, inda suka kwaikwayi kwamfutoci 1,024 haɗe da juna a kan FPGA 256. Mu guda ɗaya tak muke nema.

Akwai abin da ya ɗauke ni lokaci kafin ta gamsu da shi, kuma shi ne ginshiƙin komai. Ta tambaye ni me zai hana mu ari ƙaramin allo mu ɗora zanen kai tsaye. Amsar tana wajen DRAM, babbar ma'adanar da furosesa ke ɗebo bayanai daga ciki yayin aiki. Idan ka ɗora furosesa a FPGA kai tsaye, ita tana tafiya a megahaz 50 ko kusa da haka, DRAM ɗin da ke jikin allon kuwa tana gudunta na ainihi. Sai furosesar ta ga kamar duk abin da ta nema yana zuwa nan take. A cif na gaske mai gudun gigahaz, jiran DRAM yana cin bugu masu yawa. Ka ga awon da aka yi a irin wannan allo zai yi wa zane ado da saurin da ba nasa ba. FireSim ta raba agogo biyu: agogon FPGA daban, agogon na'urar da ake kwaikwayo daban. Wani sashe nata mai suna Golden Gate yana sake fasalin zanen yadda ba zai matsa bugu ɗaya ba sai duk abin da ya kamata ya iso a wannan bugun ya iso. Idan ka ce DRAM za ta yi jinkirin bugu kaza, haka furosesar za ta gani, ko da FPGA ta ɓata bugu uku nata kafin ta cika ɗaya na zanen. Saboda haka lissafin bugun yake fita daidai, kuma idan ka maimaita gwaji, amsa ɗaya za ka samu. Ga mai rubuta kundin digiri, wannan ya fi saurin ma daraja.

Shiga kanta ta ci mana kusan wata guda, ba kuma don wahalar fasaha ba. Ana buƙatar katin da zai biya dala, a lokacin kuwa katinan naira da yawa ba sa aiki a waje. Nata bai yi ba, nawa bai yi ba. Yayanta da ke aiki a Abuja yana da asusun dala, shi ya yarda aka sa katinsa. Bayan nan sai muka tarar sabon asusu ba shi da izinin kunna F1 ko ɗaya, sai ka nemi a ɗaga maka iyaka, ka rubuta abin da za ka yi da ita. Da adadin vCPU, wato ƙwayoyin furosesar sabar, ake ƙirgawa, f1.2xlarge kuma 8 gare ta, don haka 8 muka nema. Yankin ma sai an zaɓa da lura. Amazon tana da cibiya a Cape Town, a nahiyarmu, amma a lokacin FireSim a Bajiniya da Oregon da Ailan take aiki da F1. Muka ɗauki Bajiniya.

Tsarin aikin kashi uku ne. Akwai saba guda ta yau da kullum, manaja, inda ake ajiye zanen a ba da umarni. Akwai sabobin gini, waɗanda ake kunnawa su gudanar da Vivado su mutu idan sun gama. Lasisin yana cikin kunshin manhajar da Amazon ta tanada, ba a biyan nasa daban. Sai sabobin F1 da ake gwajin a kansu. Wani alheri da ban yi tsammani ba: duk gigabayit ɗin da Chipyard ke saukewa, can a manaja yake sauka, ba ya taɓa datarta. Rubutu kawai ke zirga-zirga tsakanin Mabera da Bajiniya. Don shiga sabar daga nesa muka sa manhajar mosh a madadin ssh zalla, don idan sabis ya yanke ya dawo, tana ci gaba daga inda ta tsaya, kuma kowane dogon aiki a cikin screen take tayar da shi, manhajar da ke riƙe aiki ko an fita. A ɗauke wuta, a rufe laftof, aikin yana can yana tafiya. Ita da ba ta da halin kwana a ɗakin gwaji kamar 'yan uwanta maza, wannan ya sauya mata lissafi gaba ɗaya.

Na hana ta fara da nata zanen. FireSim ta zo da shiryayyun hotunan FPGA, wato zanukan da aka riga aka gina sai lodawa, ciki har da Rocket tsurarta, kuma da shi muka fara, don idan abu ya ƙi, mu san ba daga zanenta ba ne. Umarnin a jere suke: launchrunfarm ya kunna F1, infrasetup ya loda hoton da faifan Linux, runworkload ya tayar da gwajin. Muna zaune a ofis bayan azahar, ƙurar hunturu ta rufe taga, sai ga saƙonnin Linux suna gangarowa, sai ga wurin shiga. Ta buga cat /proc/cpuinfo, allon ya nuna mata rv64, alamar furosesar RISC-V. Ta yi shiru tana kallo, sannan ta ce, "Malam, wanga abu da gaske ne ashe." Gani ya kori ji. Abin da laftof ta kasa kaiwa cikin kwanaki, ga shi kafin shayi ya huce.

Kwana biyu bayan haka muka yi asarar da har yanzu take damuna. Ranar Juma'a da la'asar ta maimaita gwajin ita kaɗai a gida, ta rufe Linux ɗin da poweroff, ta ga sakamako ya fito, ta kashe laftof ta tafi bikin dangi. Litinin da safe Yayanta ya kira ta, ita kuma ta iso ofis idonta ja.

"Malam, wallahi na kashe ta."

"Mi kik kashe?"

"Linux ɗin, da laftof."

Ba ta buga terminaterunfarm ba. Kashe kwamfutar da ake kwaikwayo daban, sallamar sabar da aka yi haya daban. Daga ƙarfe 4 na yammacin Juma'a zuwa 8 na safiyar Litinin awa 64 ne, a dala 1.65 ya kama dala 105 da 'yan kai, ban da kuɗin manaja da ita ma aka bari a kunne. Watan Fabrairu ne na 2024, dala ta haura naira 1,500. Kuɗin ya wuce naira 150,000, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000. Laifin nawa ya fi nata. Ni ne na san haya ce ta awa, ni ya kamata in sa ƙararrawar kasafi tun ranar da aka buɗe asusu, ban sa ba. Na kira Yayan da kaina na gaya masa haka, na ce zan ɗauki rabi. Ya ce, "Haba Malam, karatun ƙanwata ne." Da ƙyar ya karɓa.

A ranar muka gyara abin da ya kamata a gyara tun farko. Muka sa ƙararrawa da za ta aiko imel idan kashewa ta kai dala 10, da wata a 25. A fayil ɗin saitin FireSim akwai layin terminate_on_completion, muka kunna shi, saba ta riƙa sallamar kanta da zarar aiki ya ƙare. Ta koyi bambancin dakatar da manaja da share ta: idan ka dakatar, kuɗin awa ya tsaya amma na faifai yana ci gaba da taruwa kaɗan-kaɗan. Ta kuma ɗauki al'adar buɗe shafin EC2, inda Amazon ke nuna sabobin da aka yi haya, a wayarta kafin ta kwanta, ta ga da idonta babu abin da ke kunne. Daga baya muka riƙa ɗaukar sabobin spot masu rahusa, waɗanda Amazon ke iya karɓewa kowane lokaci, don gajerun gwaje-gwaje, tunda ko an ƙwace su a tsakiya asarar ba ta da yawa.

Sai gina hoton nata zanen. Nan ne mutum yake gane cewa saurin FPGA yana da farashi. Vivado za ta fassara zanen zuwa ƙananan sassan cif ɗin, ta zaunar da kowanne, ta ja musu wayoyi, sannan a miƙa sakamakon ga Amazon ta mayar da shi hoton da take kira AFI. Awoyi ne masu yawa, ta kan tayar da shi bayan isha ta duba imel da asuba. A Verilator, gyaran layi ɗaya minti kaɗan ne. A nan dare guda ne da kuɗi. Ginin farko bai cika lokaci ba, wato akwai hanyar da sigina ba ta isa kafin bugu na gaba, kuma a cikin masu ninka lambobinta take. Ta tsorata, tana zaton sai ta sake zanen. Na tuna mata da agogo biyun nan: rage gudun FPGA ba ya canza ko bugu ɗaya a sakamako, gwajin ne kawai zai ɗan ƙara daɗewa. Ta rage, gini na biyu ya wuce. Daga nan muka kafa doka: ba a tura gini sai zanen ya wuce gwajin Verilator, ya kuma wuce abin da FireSim ke kira metasimulation, inda ake kwaikwayon dukkan na'urar kwaikwayon a manhaja kafin a taɓa FPGA. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hoton ya hau, Linux ta tashi, ta kira shirinta, shirin ya sandare. Ba kuskure a allo, ba amsa. Shiri ɗaya ne da ya yi aiki sau ba adadi a Verilator.

Kwana uku wannan ya ci, kuma rabinsu a takarda muka yi su, sabar tana kashe, don FPGA ba ta nuna maka cikinta yadda Verilator ke yi. Duk siginar da ba ka shirya leƙawa ba tun kafin gini, sai ka sake gini. Na ce mata ta rubuta duk abin da ya bambanta tsakanin gwajin da ya yi da wanda ya ƙi. Ita ta gano, ba ni ba. A Verilator shirin yana gudu tsirara ne, babu Linux, adireshin da ya ambata shi ne adireshin da ke ma'adana. A ƙarƙashin Linux kuwa, idan shiri ya nemi wuri da malloc, alkawari kawai ake masa; ba a ba shi shafin gaske sai ranar da ya taɓa wurin. Idan furosesa ce ta taɓa, tana da hanyar tsayawa ta kira Linux ta kawo shafin. Mataimakinta ba shi da wannan hanya. Wurin da zai zuba amsa ba a taɓa rubutu a cikinsa ba, ya nemi shafin da babu, ya zauna jira, furosesa kuma tana jiransa. Maganin layi ɗaya ne a farkon shirin, kiran mlockall, wanda ke tilasta wa Linux ta samar da shafukan ta kuma riƙe su. Shirye-shiryen gwajin Gemmini, mataimakin da 'yan Berkeley suka zana, haka suke yi idan za su gudu a Linux. Ba a sake gini ba, ba a taɓa zanen ba. Wannan matsala ba za ta taɓa fitowa a laftof ɗinta ba, tunda can ba ta taɓa kaiwa ga Linux ba, kuma da haka za ta je gaban masu jarrabawa tana cewa na'urarta tana aiki.

Cikin azumi aka yi awon. Da ƙananan bayanai, waɗanda suke shiga ma'ajiyar kusa ta furosesa, mataimakin ya yi saurin da ta saba gani a Verilator. Da ta ƙara girman bayanan suka fi ƙarfin ma'ajiyar, aka koma ɗebowa daga DRAM da jinkirinta na gaskiya, sai ratar ta riƙa tsukewa. Ta so ta san dalili da hujja, don haka muka kashe kuɗin gini ɗaya muka dasa ma'ƙirga ta hanyar AutoCounter, mai ƙirga bugun da mataimakin ya yi yana aiki da wanda ya yi yana jira. Jiran ya rinjayi aikin. Masu ninka lambobin da ta shafe watanni tana gogewa suna zaune hannu rabbana, don kalma ɗaya-ɗaya yake roƙa, sai ta iso ya roƙi ta gaba.

Ranta ya ɓaci, ta ce aikin ya lalace. Ban yarda ba, kuma har yau ban yarda ba. Da farko kundinta zai ce "na zana abu, ya yi sauri", irin wanda ake rubutawa kowace shekara ba mai iya tabbatarwa. Yanzu yana nuna daidai girman bayanan da saurin ke fara zubewa, da dalilin, da ƙirgen da kowa zai iya maimaitawa ya samu lamba ɗaya. Babi na huɗu ta sake shi gaba ɗaya a kan wannan.

Idan aka cire asarar wancan ƙarshen mako, awoyin F1 ba su ne suka fi cin kuɗi ba, don kowane gwaji mintoci ne. Sabobin gini da manaja da faifai su ne suka fi. Da zan sake farawa da wani ɗalibi, wata biyu na farko ba zai taɓa asusun haya ba, sai Verilator ta ƙare masa duk abin da za ta iya. Wanda zanensa ƙarami ne, ba ya buƙatar Linux ko awon DRAM, ban ga dalilin da zai sa ya biya dala ba. Kuma duk mai shirin shiga yanzu ya duba takardun FireSim na ranar da yake ciki, kada ya dogara da sunaye da farashin da na ambata: a Disambar 2024 Amazon ta fitar da sabon zubi mai suna F2, FireSim kuma tana aiki a kan alluna na gida irin Alveo U250 ga sashen da ya samu halin saye.

Bayan ƙaramar salla ta kwashe sakamakon da fayilolin saiti ta ajiye a GitHub da kuma filasha, muka share manaja da faifanta tare, ta aika wa Yayanta hoton shafin da ke nuna babu abin da ya rage a kunne. Ta koma laftof ɗinta da Verilator tana zana wa mataimakin ma'ajiya tasa, yadda zai riƙa ɗebo layi na gaba tun yana lissafa na yanzu. Mun yi yarjejeniya ba za a sake buɗe asusun ba sai sabon zanen ya wuce duk gwajin da ke laftof, kuma gini biyu kacal muka ware masa.